Ranar da Ƙafar Maame Araba Ta Ƙi Tafiya

Akwai wata amarya mai suna Serwa, 'yar ƙauyen manoman koko, wadda ba ta taɓa ganin teku ba sai da mijinta Ebo ya kai ta garinsu, Elmina, a gaɓar tekun Ghana.

Uwar mijin, Maame Araba, mai bandar kifi ce, ga murya kamar ganga. Tun ranar farko ta dubi Serwa sama da ƙasa ta ce, "Ebo, wannan in iska ta taso ai sai mun ɗaure ta a jikin kwakwa."

Serwa ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Abu ɗaya take fata kafin su koma gida, tsohuwar nan ta kira ta 'yata, ko da sau ɗaya ne.

Ranar Asabar Ebo ya kwashe su zuwa gandun dajin Kakum, har da ƙanwarsa Esi. Suka ga birai suna tsalle a reshe. Esi ta dami mai rakiya da tambayar ina giwaye, ya ce, "Sun jiyo muryar mamanki, sun ƙara gaba." Har Maame sai da ta dara.

Sai aka iso gadar igiya da aka rataya can ƙololuwar bishiyoyi, ba abin takawa sai siririn katako. Ebo da Esi suka yi gaba suna ɗaukar hoto. Maame ta hau da ƙarfinta tana cewa, "Ni da na girma a kwalekwale?"

Ana kaiwa tsakiya gadar ta yi lilo, Maame ta tsaya cak. Serwa da ke bayanta ta ga gumi na bin ƙeyarta.

"Ke yarinya," in ji Maame ƙasa-ƙasa, "ƙafata ta ƙi."

Serwa kuwa tun tana ƙarama take tsallake rafi a kan gungume da kwandon koko a ka. Ta dafa bayan tsohuwar ta ce, "Maame, kar ki dubi ƙasa, ki dubi bishiyar can. Ina riƙe da ke."

Sannan ta ɗaga murya, "Ebo, ku je kawai! Ni ce tsoro ya kama, Maame na jira na!"

Esi ta ƙyalƙyale da dariya. "Ai na faɗa!"

Taku bayan taku har suka sauka.

Da la'asar suka gangara bakin teku, masunta na jan taru suna waƙa. Duk wanda ya sa hannu a igiya yana da rabonsa na kifi, kuma a gidan su Ebo kowace amarya sai ta ja ta kawo nata.

Serwa ta kama igiya. Sai ga ruwa ya taso ya buge ta har cinya. Ta saki igiyar, ta kurma ihu, ta ruga kan yashi. Aka kwashe da dariya.

"Sama tsoro, ƙasa tsoro!" in ji Esi. "Yaya, wai a ina ka samo ta?"

Maame Araba ta miƙe ta gyara ɗamara.

"Esi, rufe mini baki. A kan gadar nan ni ce ƙafata ta mutu. Yarinyar nan ce ta tsallakar da ni, ta kuma ɗauki kunyata ta aza a kanta."

Maame ta miƙa wa Serwa hannu.

"Taho, 'yata. Kar ki dubi ruwa, ki dubi bayana. Ina gabanki."

Serwa ta koma, ƙwalla da dariya a haɗe. Suka ja tare har taru ya fito, kifi na ta watsal-watsal. Aka cika mata ƙwarya, ta soya da kanta, aka ci da yaji da dokunu, tuwon masarar da ake dafawa a ganye.

Ana cikin ci Ebo ya ce, "Maame, mako mai zuwa mu koma gadar?"

"Ci kifinka, ja'iri," in ji ta, tana tura wa Serwa kan kifin, wanda ba ta taɓa bar wa kowa ba.

Darasi: Kowa da wurin da ƙafarsa ke rawa. In ka ga ta wani tana rawa, ka tallafe shi ka rufa masa asiri, wata rana shi zai tsaya a gabanka. Ku tura wa surukai da amaren da kuka sani, su ma su karanta.