Yaran Iska a Goran Tabawa

Dalilin da ya sa lemon kwalba yake huci idan an buɗe shi, har ya yi amai a hannun mutum kamar yadda ya yi wa Ɗanliti yanzu, tsohuwar rigima ce tsakanin Iska da wata mata. Goge hannunka ka zauna, ka ji inda abin ya samo asali.

A da can, Iska tana da yara ƙanana rututu, ido ba ya ganinsu sai in sun taru. Idan rana ta take, sukan faɗa duk ruwan da suka samu su sha sanyi, su fita sanda suka ga dama. Ba wanda ya taɓa tsare su.

A wani ƙauye akwai Tabawa, mijinta ya rasu ya bar mata gona, ciyawa kuma ta kusa cinye geron. Sai ta kira gayya. Kun san gayya ba a biyan kowa, amma dole mai gona ya ciyar, ya kuma shayar. Wanda ya bar mutane da ƙishi, ya yi ta kira baɗi, ba mai amsa masa.

Ana gobe gayya, Tabawa ta jiƙa tsamiya da zuma a wani ƙaton gora. Ta sussuke geron tuwo, ta ɗaga ƙwarya za ta yi shiƙa, amma ko ganye ba ya motsi. Ƙaiƙayi da tsaba suka riƙa zubowa wuri ɗaya. Tana cikin jin haushi sai ta ji dariya ƙasa-ƙasa a wuyan goran. Yaran Iska ne suka cika shi, uwarsu kuwa ta kwanta a inuwar kuka tana jiransu.

Tabawa ta ɗauki totuwar masara ta toshe bakin goran. Yaran suka matsu a wuya. Ta ƙara dannawa, wuri ya ƙare musu, sai suka nutse cikin ruwan tsamiyar. Duk yadda ta ƙara danna totuwar, haka wasu suke ƙara nutsewa, har suka ɓace a ciki kamar gishiri a miya.

Iska ta taso ta ce, "Baiwar Allah, ina yarana?"

Tabawa ta ce, "Suna hannuna, Inna. Ki kaɗa in yi shiƙa, in na gama in sake miki su."

Iska ta kaɗa. Ƙaiƙayi ya yi gefe, tsaba ta zuba fes. Da aka gama ta ce, "To, buɗe."

A nan Tabawa ta yi wayon da ya fi ƙarfinta. Ta tuna zafin da za a yi gobe, ta ce, "Haba Inna, kwana ɗaya ai ba shekara ba ce. Ki yi wa masu gayyata fifita gobe, da la'asar ki karɓi abinki."

Iska ta koma inuwar kuka ta kwanta.

Da safe Tabawa ta ɗora goran a ka, tana tafe yana girgiza har gona. Ta ajiye shi a rana. Maza suka yi ta noma, Iska tana yi musu fifita, har azahar ta yi, maƙogwaro ya bushe. Sarkin Noma Jatau ya jefar da garma, ya jawo goran ya ce, "Tabawa, Allah ya yi albarka." Kafin ta ce masa ya dakata, ya fizge totuwar.

Fuuu! Yaran suka yo waje gaba ɗaya, kowanne ɗauke da rabonsa na tsamiya. Kumfa ya wanke wa Jatau gemu, sauran ya bi ƙasa. Abin da ya rage a gindin goran ko yaro ba zai ƙosar ba, kuma ya yi salam.

Jatau ya share fuska, ya dubi mutanensa. Ba wanda ya yi faɗa. Kowa ya saɓa garmarsa, suka bar mata rabin gona a cikin ciyawa. Tabawa ta zauna a kan kunya, baƙin ciki ya hana ta ko kuka.

Iska ta tattara yaranta ta ce, "Daga yau kaɗan ne cikinsu za su zauna a ruwa don ra'ayin kansu. Mai son da yawa sai ya danna su da ƙarfi, ya toshe. Ranar da ya buɗe kuwa, ba za su yi masa sallama ba, kuma ba za su fita hannu rabbana ba."

Shi ya sa har yau masu yin lemo sai sun tura iska cikin kwalba da ƙarfi, sun ɗaure bakin da marfin ƙarfe. Muddin marfin yana nan, ba ka ganin komai a ciki. Kana buɗewa matsi ya tafi, sai huci da kumfa. In ka bar shi a buɗe, ya zama ruwan sukari kawai. Kai kuma Ɗanliti, da ka girgiza taka tun daga shago, sai ka sha abin da suka rage maka.