Kwalabe Biyu Na Senhor Abílio

Jama'a ku matso, wannan labarin ya yi min daɗi sosai!

Akwai wani saurayi a nan Gaia, garin rumbunan giya, sunansa Telmo. Ya je Faransa ya karanto ɗanɗanon giya, ya dawo yana ji da hancinsa kamar shi kaɗai aka yi wa hanci.

To, mai ɗanɗano na rumbun giyar wani dattijo, Senhor Abílio, ya yi ritaya, mutum biyu suka fito neman kujerar: Telmo da Dona Graciete, wadda ta shekara talatin tana ɗura kwalabe a wurin.

Senhor Abílio ya miƙa wa kowa tsohuwar kwalbar giyar porto mai shekara hamsin, ya ce zuwa gobe yana jiran hukunci.

Telmo ya ce wane gobe? Ya fizgi tasa, ya murɗa ƙarfen buɗe kwalba cikin toshiyar. Ta ruɓe fa, nan take ta marmashe ciki. Ya tsiyaya a hakan, lakar da ta kwanta shekara da shekaru duk ta tashi. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce wannan ta daɗe da mutuwa, a zuba a miya.

Dona Graciete kuwa tsayar da tata kawai ta yi, ta kama hanyar gida.

"Inna, ko tsoronta kike ji?" in ji Telmo.

"Shekara hamsin tana kwance, ɗan nan. Bari ta miƙe tukuna."

Washegari laka ta koma gindi. Dona Graciete ta gasa awartaki ya yi ja, ta damƙi wuyan kwalbar, sannan ta shafa masa gashin kaza da ta jiƙa da ruwan sanyi. Ƙas! Wuyan ya cire da toshiyar ciki. Ta kunna kyandir a ƙasa tana tsiyaya a hankali, tana ganin laka ta taso ta tsaya.

Kai! Ƙamshin busasshen ɓaure ya cika ɗakin. Ta kurɓa, ta ce wannan giyar da ranta, za ta ƙara shekara goma ma.

Senhor Abílio ya tura wa Telmo kofin. Telmo ya kurɓa, ya sake kurɓa.

"Ganga ɗaya ce," in ji tsohon. "Rana ɗaya mahaifina ya ɗura su."

Kujera dai ta Dona Graciete ce. Telmo da kansa ya roƙi ta koya masa riƙon awartaki. Ta ce ya dawo gobe.

Darasi: Kada gaggawa da girman kai su sa ka ɓata abu da hannunka sannan ka ce ba shi da kyau. Ku tura wa wannan abokin naku mai saurin yanke hukunci, kun san shi ai!