Akushi Uku na Yalwa

A zamanin da, an yi wani sarki wanda ba ya cin tuwo sai da nama. Wata shekara annoba ta faɗa wa dabbobin ƙasarsa, ga fari, ga yunwa, har garake suka koma ƙasusuwa. Amma Waziri Mantau kullum ya zo gaisuwa sai ya ce, “Lafiya ƙasarka take, ranka ya daɗe.” Saboda haka ran da aka kai wa sarki abinci ba tsoka, ya zaci raini ne. Ya sa aka yi shela: in akushinsa ya sake zuwa haka, mai girki a bakin ranta.

Mai girkin wata tsohuwa ce, Yalwa. Ta san abin da sarki bai sani ba: saniya uku kaɗai suka rage a garin, kuma da nononsu ake raya jarirai tara da yunwa ta kashe uwayensu. Ɗaya daga cikinsu jikarta ce.

Da safe dogarai suka jawo saniya guda zuwa ƙofar madafa, mata na bin su suna kururuwa. Yalwa ta riƙe ƙafar Waziri, wanda ya zo tare da su.

“Ranka ya daɗe, a yanka ni a madadinta! Yaran nan ba za su kwana biyu ba.”

“Ni nama na sani,” in ji Waziri, ya fizge ƙafarsa.

Ta roƙi mahauci ya dakata zuwa azahar. Ta tatsi saniyar. Ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da daddawa da wake, ta tsinko zogale a bayan katanga ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta yi alwala, ta yi wa jikarta kallon bankwana, sannan ta ɗauki akushi uku ta shiga fada.

Sarki ya buɗe na farko, ya juya miya, bai ga nama ba. Hauni ya matso da takobi.

“Allah ya ba ka nasara, buɗe sauran, sa'an nan a kashe ni.”

Na biyu nono ne. Na uku babu kome.

“Mene ne wannan?” in ji sarki.

“Na farko, abin da ƙasarka ke iya ba ka yau ke nan. Na biyu, abin da saniyar da ke ɗaure take ba marayu kowace safiya. Na uku, abin da za su sha gobe in ka ci nama.” Ta kifa goshi a ƙasa.

Sarki ya dubi limamin gari. “Malam, nama ba halal ba ne?”

“Halal ne, sarkin duniya. Amma lomar da aka ƙwato daga bakin maraya, ko an yi mata bisimilla dubu, ba ta halatta.”

Sarki ya tashi da kansa ya leƙa waje, ya ga matan da jarirai a goye. Da ya dawo, ya sa aka warware rawanin Mantau, aka ɗora masa yankan ciyawar shanun nan uku. Ya hana a zub da jinin dabba a ƙasarsa sai garake sun farfaɗo.

Sa'an nan ya ce, “Tashi, Inna. Kai nonon nan waje tun bai yi tsami ba.”

Yalwa ta fita da gudu. Sarki kuwa ya wanke hannu, ya jawo tuwo.