Faifan Malam Shehu

Akwai wata baiwar Allah mai suna Sa'adatu, wadda take buga takardu da kwamfuta a shagon Alhaji Dauda a Unguwar Sarki, wajajen shekarar 1996.

Cikin masu kawo mata aiki akwai Malam Shehu na Rafin Guza, dattijon da idonsa ya tafi. Shekara biyu yana zuwa duk Asabar, yana faɗa mata tarihin malamansa da waƙoƙinsu daga ka, tana bugawa da Larabci. Duk aikin yana cikin tsohuwar na'urar shagon da kuma faifai guda.

Wata rana Alhaji ya dawo daga Legas da sabuwar kwamfuta, irin waɗanda ake harhaɗawa a kasuwa. Ya ce ya samu mai sayen tsohuwar.

Sa'adatu ta ce, "Alhaji, a dakata mu gwada. Ba jinsinsu ɗaya ba. Abin da wannan ta rubuta, ba lalle waccan ta karanta ba."

Ya yi dariya. "Ramin faifan ba ɗaya ba ne? Ke dai naki buga haruffa, ki bar manya da nasu."

Kafin la'asar an goge tsohuwar, mai saye ya wuce da ita Jos.

Washegari, tana can tana sallar azahar, Alhaji ya zura faifan Malam don ya ƙaryata ta. Na'urar ba ta gane shi ba. Ta yi tambaya da Turanci ko a share shi a shirya shi sabo. Bai fahimta ba, kuma girman kai ya hana shi jiranta. Ya danna "e".

Da ta dawo ta tarar da faifan fayau. Alhaji ya ce, "Dama ruɓaɓɓe ne. Ke za ki je ki gaya masa."

Ita ta je. Da Malam ya ji, sai ya ce, "'Yata, na sauke miki ne don na ji yana zube mini. Rabinsa yanzu ko ni ban riƙe ba."

Sun sake zama sau huɗu. Shafi tara suka samu kafin ya rasu.

Labari ya zagaye Rafin Guza har Kurmin Mashi, malamai suka ɗauke ƙafa daga shagon. Sa'adatu ma ta bar aikin. Har Alhaji ya rufe shagon bai taɓa cewa laifinsa ne ba.

Darasi: Kamannin fuska ba shi ne dangantaka ba, ko a na'ura. Idan wanda ke ƙasa da kai ya fi ka sanin aiki, saurare shi, musamman idan amanar wani ce a hannunka. Ka tura wa wanda ka san yana buƙatar jin wannan.