Yadda Lurwanu Ya Yaudari Likitansa

Lurwanu ɗan Abdulwadud mai tsire, a unguwar Mansur aka haife shi, cikin Makka. Yaro ne mai faɗin ƙirji da kaurin wuya, ga fara'a. Aibinsa guda ne, ya fi yarda da wayo a kan gaskiya. Tun yana ƙarami, in ya ji ciwo wurin ƙwallo a lungu, sai ya ɓoye don kada a hana shi fita gobe.

Da mahaifinsa ya rasu, kawunsa da ke zaune a Amurka ya ɗauke shi, ya sa shi sakandare a can. Nan ya gamu da ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a hannu, 'yan wasa na sanye da hular kwano. Aka ba shi gurbin da suke kira lainbaka. Aikinsa ya tsaya bayan sahun gaba, ya hango mai ɗauke da ƙwallo, ya ruga ya kayar da shi. Ya ƙware ƙwarai, har wata jami'a ta ɗauke shi karatu kyauta, muddin yana buga mata wasa.

A wannan wasa akwai wata ƙa'ida. Kafin a fara gasar shekara, likita yakan gwada kowane ɗan wasa yana lafiya lau. A karanta masa kalmomi ya maimaita, ya tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe. In daga baya ya bugu a ka, sai a sake gwajin. Idan ya kasa kai matsayinsa na farko, ƙwaƙwalwa ta girgizu ke nan, sai a zaunar da shi har ya warke.

Da ya zo hutu gida, suna cin abincin rana da mahaifiyarsa Zubaidatu da yayarsa Tahani, sai ya fara ba su labari yana dariya.

"Ya Ummi, mutanen nan ba su da wayo. Ranar gwajin farko da gangan na riƙa mantuwa, ina tangaɗi. Likita ya ɗauka haka Allah Ya yi ni. Yanzu ko an buge ni, in aka gwada sai a ga ban canza ba. Halas, shi ke nan, sai fili!"

Tahani ta ajiye cokali. "An taɓa buge ka?"

"Sau nawa kuma? Wata rana fitilu ma biyu-biyu nake gani. Na haɗiye maganin ciwon kai na koma."

"Inna lillahi!" in ji Zubaidatu, ta dafe ƙirji. "Ya waladi, ɗana, likita ka yi wa ƙarya? To, wa ka cuta?"

"Ummi, in na zauna wani zai hau gurbina, ga manyan ƙungiyoyi suna kallo. Wallahi sai na saya miki gida a unguwar Zahir, mai lif, ki huta da hawan bene."

"Ni na roƙe ka gida? Kanka nake so."

"Ga shi nan ƙato," in ji Tahani, "amma ba komai ciki sai burodin tamis."

Lurwanu ya yi dariya, ya sumbaci goshin uwarsa, ya yi alkawarin zai gaya wa likita gaskiya. Bai gaya masa ba.

Da aka koma gasa, ya bugu a ka wurin atisaye. Ya laɓe ya yi amai, ya wanke baki, ya je gwaji. Sakamako ya yi daidai da na ƙaryar da ya shuka, aka ce ya shiga wasan Asabar.

Ranar, bayan magariba, uwa da 'ya suna kallo a wayar Tahani. Karon da Lurwanu ya yi ba wani babba ba ne. Ya tashi, ya taka kaɗan, ya durƙusa kamar mai shirin sujada, sai ya kife gefe guda. Aka yi ta kiran sunansa, bai motsa ba. Zubaidatu ta ƙura wa wayar ido.

An yi masa aiki a ka, aka ceto ransa. Likitoci suka ce bugu na biyu ne ya sauka a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba, jini ya zuba a ciki. Bayan watanni kawunsa ya kawo shi Mansur, yana jan ƙafa ɗaya. Mu maƙwabta muna tsaye a bakin ƙofa. Zubaidatu ta sauko da gudu, ko mayafi ba ta gyara ba, ta buɗe hannuwa.

Lurwanu ya dube ta, ya ɗan ja da baya, ya russuna.

"Sannu, Hajiya," ya ce. "Don Allah ina Ummina? An ce mini tana nan."

Darasin shi ne, ƙa'idar da aka kafa don ta tsare ka ba abokiyar gaba ba ce, wanda ya zagaye ta ramin kansa ya haƙa. Mai yi wa likita ƙarya, likitan zai koma gidansa lafiya, shi ne zai kwana da cutar. Ya ku samari, wasan da aka rasa yau ana iya buga wani gobe, amma hankali guda Allah Ya ba kowa, kuma ba kai kaɗai ne za ka yi kukan rashinsa ba.