Mijin Faleriya

Akwai wani bawan Allah da ya yi tashe a unguwar Madinat Nasr, cikin birnin Alƙahira, shekaru kaɗan da suka wuce. Sai da na tambayi mutum huɗu kafin na samo muku sunansa, in kun kai ƙarshe za ku gane dalili. Sunansa Gidaɗo.

Karatu ne ya kai shi Masar daga Gombe. Ya kammala, amma ya ƙi komawa gida, domin ya ƙyalla ido a kan kujerar shugaban ƙungiyar Hausawa mazauna birnin. Kujerar ba wata babba ba ce. Sai dai duk babban mutumin da ya sauka daga gida, shugaban ne ke tarbarsa, shi ke zama kusa da shi a hoto. Gidaɗo kuwa, Allah ya jarabce shi da son a ce masa "ranka ya daɗe".

Ƙuri'un ɗalibai ba za su ishe shi ba. Hausawan Sudan sun fi yawa, su kuma ba sa tsallake maganar Alhaji Ya'ƙub, wani dattijo mai shagon yadi a kasuwar Ataba. Gidaɗo ya yi dogon tunani, sai ya aika neman auren 'yar Alhajin, Rania.

Rania ba yarinya ba ce. Ta gama jami'a, tana aiki a wani ɗakin ajiyar kayan tarihi a Giza, inda take wanke tsofaffin duwatsu tana karanta rubutun da ke jikinsu. Ba wanda ya tilasta ta. Ta ga malami mai fara'a, ta so shi da zuciya ɗaya. Shi kuwa ƙuri'a ya gani.

Aka sha biki. Afra, gwanar ƙunshin 'yan Sudan, ita ta zana wa amarya baƙin lalle har gwiwar hannu. Wata biyu bayan nan Gidaɗo ya ci zaɓe.

Shekara uku suna tare. Ita ke dafa wa baƙinsa, ita ke gyara masa jawabi, ita ke raka matan ɗalibai asibiti ana yabon shugaba.

Sai duniya ta juya. Gobara ta cinye shagon Alhaji Ya'ƙub, ciwon ɓarin jiki ya kwantar da shi. Masu gaisuwa suka ragu. Faɗa a ji ta koma hannun Alhaji Ɗantsoho, wani ɗan kasuwa da suka daɗe ba sa ga maciji da Ya'ƙub.

Zaɓe ya matso. Ɗantsoho ya kira Gidaɗo ya ce, "Ustaz, ina sonka da kujerar nan. Amma surukin Ya'ƙub ba zai sake hawanta ba ina raye. Ka je ka yi shawara da kanka."

Jama'a, wallahi ko kwana biyu bai yi yana shawarar ba. Ya rubuta takardar saki ya sa a aljihu. Kunya ta hana shi kai ta gidan dattijon da ke kwance, sai ya hau jirgin ƙasa na metro zuwa Giza, wurin aikin Rania.

Bayan la'asar ya isa. Ɗakin ajiyar a ƙarƙashin ƙasa yake, da 'yar taga guda can sama. Duk zafin Alƙahira, yana sa ƙafa a matakala ya ji sanyi ya shiga ƙashinsa. Hagu da dama kawunan dutse ne jere a kan katako, babu gangar jiki, idanunsu farare babu ƙwaya. Ya yi a'uziyya ya sunkuyar da kai.

Ya tarar da Rania tsugune gaban wani faffaɗan dutse. A gefensa an ajiye kan wata mace mai kitso, hancinta ya gutsure.

Ta kalli fuskarsa, ta kalli hannunsa da ke dafe da aljihu. Ta riga ta ji labarin zamansa da Ɗantsoho.

Ta ce, "Malam, kafin ka ba ni abin da ka kawo, zo ka gaisa da Faleriya."

"Wace ce kuma Faleriya?"

Ta nuna kan dutsen. "Ga ta. 'Yar gidan sarauta ce a birnin Rum, kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Mahaifinta babba ne a majalisar dattawansu. Wani jarumi mai neman muƙami ya aure ta don ya samu goyon bayan gidansu. Ya samu kuwa, aka turo shi Masar ya riƙe wani yanki, ta biyo shi."

Gidaɗo ya ce, "Rania, sauri nake."

"Ma'alish, yi haƙuri, saura kaɗan. Shekara goma sha biyu ta yi a ƙasar nan. Shekarar da kogi bai kawo ruwa ba, ita ta buɗe rumbunan gidanta ta ciyar da gari. Mutane suka kafa wannan dutse, sunan mijin a sama, nata a ƙasa. Sai mahaifinta ya ɓata da sarkin Rum, aka kashe shi. To, Rumawa suna da wata al'ada. In gida ya faɗi, sai a bi duwatsu ana sare sunayen 'yan gidan, don a ce ba a taɓa yin su ba. Mijin bai jira an umarce shi ba. Ya sake ta, ya kore ta wani ƙauye a cikin hamada, ya kira mai sassaƙa ya ce a cire sunanta."

Gidaɗo ya kalli dutsen. Ƙasansa duk sara ne, babu harafi ko ɗaya. Samansa kuma sumul, sai ƙananan ramuka.

Ya ce, "To ai an cire. Ina kika samo sunan?"

Ta ce, "Tsaya nan. Kar ka motsa."

Rana ta sunkuyo daidai 'yar tagar. Haske ya shigo a karkace ya kwanta a kan dutsen. Jama'a, a gaban idonsa inuwa ta fara cika saran nan ɗaya bayan ɗaya, haruffa suka taso baƙaƙe ƙirin. Tsigar jikinsa ta tashi. Ya rantse daga baya cewa a lokacin ya ji ƙarar guduma a kan ƙarfe, ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga cikin dutsen.

Rania ta ce, "Mai sassaƙan harafi bayan harafi ya bi yana sara. Maimakon ya goge sunan, sai ya ƙara masa zurfi. Shi kuma mijin ya sa aka goge tsohon sunansa, aka kafa sabo da manyan haruffan tagulla, da sabbin muƙamansa. Tagulla kuɗi ce, ɓarayi suka ɓamɓare ta. Ramukan ƙusa kaɗai suka rage. Mun duba ko'ina ba mu samu sunansa ba. A takardunmu abin da muke rubutawa shi ne mijin Faleriya."

Hasken ya wuce, haruffan suka nutse.

Ta miƙa hannu. Idonta ya cika da hawaye, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Na so ka tsakani da Allah, Malam. Yanzu ba ni."

Da mai rabo ne, da nan ya yaga takardar. Amma ina! Ya damƙa mata ya ce, "Tatsuniyar gumaka kika tsare ni da ita? Khalas, magana ta ƙare." Ya haye matakala da sauri, bai waiwayo ba, don ji yake idanun nan farare suna bin ƙeyarsa.

A cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, wata tsohuwa ta taɓa shi ta nuna kafaɗarsa. Farar ƙurar dutse ce a kan rigarsa, layi huɗu a jere. Ya kakkaɓe. Bai tuna ya jingina da komai ba.

Daga ranar ya shiga aikin goge Rania. Ya share hotunanta daga wayarsa da shafinsa. Ya hana a ambaci sunanta a shaƙƙarsa, wato gidan hayarsa. Amma ƙwas ɗin nan bai bar shi ba. Yana tsaka da cin abinci da rana tsaka, ƙwas. Yana sahun sallah, ƙwas. Ya tambayi na kusa da shi, kowa ya ce bai ji komai ba. Ko aljanu ne, ko alhaki ne, ni dai ban sani ba, Allah ne masani.

Saura kwana ɗaya taron zaɓe, ya je Ataba wurin Tarig mai buga hotuna, yana son ƙaton hoton da za a rataya a zaure. Duk hotunansa babu wanda ya kai na ranar aurensa kyau: farar babbar riga, hula ta zauna daram, Rania a bayansa ta dafa kafaɗarsa.

Ya ce, "Cire matar nan, ka bar ni ni kaɗai."

Tarig ya ce, "Tamam, an gama." Ya cire ta a kwamfuta, Gidaɗo na kallo. Aka buga a ƙaton yadi. Da aka warware, Rania ba ta nan, amma hannunta na nan a kafaɗarsa, yatsu huɗu da baƙin ƙunshi.

Tarig ya yi salati. "Wallahil azim na goge shi, ya ustaz, a gabanka!" Ya sake dubawa a kwamfuta, babu hannu. Ya sake bugawa, hannu ya sake fitowa.

Gumi ya keto wa Gidaɗo. Ya daka tsawa, "Yalla, ba ni da lokaci! Yanko farin yadi ka liƙe wurin. Rigar ai fara ce, wa zai gane?"

Aka liƙe. Daga nesa kam ba ka ganin komai.

Washegari zaure ya cika, maza a gaba, mata a baya, Alhaji Ɗantsoho a kujerar girma. Masu shirya wuri suka rataya hoton a jikin babbar tagar yamma, don ya tare wa manyan baƙi rana.

Bayan la'asar Gidaɗo ya hau mumbari. Bakinsa da zaƙi, ba a raina shi a nan. Ya kawo aya, ya kawo hadisi, sannan ya buga ƙirji ya ce, "Ni da ƙafata na tako inda nake. Ban taɓa jingina da wani gida ba, ba kuma wanda zai ce shi ya ɗora ni!"

Sai ya lura ba wanda ke kallonsa. Duk idanu sun wuce ta saman kansa. Zaure ya yi tsit, har ana jin ƙarar fanka.

Ƙwas.

Ya waiwaya. Rana ta sauko bayan tagar, ta ratsa yadin. Liƙin ya zama tamkar babu shi. Ga hannu nan ƙato, baƙi ƙirin, ya dafa kafaɗar hotonsa, kowane zare na zanen ƙunshin ya fito raɗau.

Daga sahun mata Afra ta miƙe. "Innalillahi! Wannan zanena ne. Hannun Rania ne, 'yar Alhaji Ya'ƙub. Ni na zana shi da yatsuna!"

Wata ta ce, "Ita ta kwana da ni a asibiti ranar da na haihu." Wata ta fashe da kuka. Wani ɗalibi ya ce, "Ashe har jawaban ma ita ke rubutawa, shi ya sa na yau ya zama haka."



Alhaji Ɗantsoho ya miƙe a hankali ya gyara rigarsa. Ya ce, "Ni na ce ka zaɓa, ban musa ba, Allah ya yafe mini. Amma mutumin da ya liƙe hannun da ya ciyar da shi shekara uku, ni da ya sani jiya me zai yi mini?" Ya fice, jama'arsa suka bi shi.

Ƙuri'a bakwai Gidaɗo ya samu. Ya nemi kome, Rania ta aiko masa da cewa ta yafe, amma ta rufe wannan ƙofa. Ta ci gaba da jinyar mahaifinta da aikinta a Giza. Shi kuwa bai ƙara wata uku a Alƙahira ba, ya tattara ya tafi, ba wanda ya raka shi filin jirgi.

Bara na je Madinat Nasr ina neman tushen labarin nan. Na tambayi mai shayi a bakin masallaci, na tambayi wani tsohon ɗalibi, na tambayi Afra kanta. Kowa ya san labarin, kowa ya san Rania. Da na ce, "Shi shugaban nan fa, yaya sunansa?" sai kowa ya hau sosa kai. Amsa ɗaya suka ba ni su ukun.

"Kai, ya ɓace mini. Mijin Rania dai."

Darasi: Aure amana ce, ba tsani ba ne da za ka taka ka hau sannan ka ture da ƙafa. Wanda ya riƙe ka ranar da ba ka da komai, kar ka goge shi ranar da duniya ta juya masa baya, domin alheri ba ya goguwa, butulci kuwa sunan mai shi yake fara ci. In kun san mai irin halin Gidaɗo, ku tura masa labarin nan tun takardar tana aljihunsa.