Bakwainin Ramatu da Wutar Kawunnansa Uku

Ku gyara zama. Wannan labari ba na a ji a watse ba ne, sai kun yanke mini hukunci kafin kowa ya tashi.

A wani ƙauye da ke gindin dutse akwai 'yan'uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya: Zubairu, Ukasha da Jafaru. Dukansu sun koyi aikin lantarki a birni, dukansu kuma sun dawo gida da taurin kai irin na gado. Zubairu ya shimfiɗa farantan sola a rufin ɗakinsa, ya jera batura, ya ce rana ba ta taɓa shiga yajin aiki ba. Ukasha ya kafa doguwar fanka a kan dutse, iska na juya ta tana ba da wuta. Jafaru kuwa ya girka ɗan injinsa da ruwa ke juyawa ya ba da wuta a rafin bayan gari, rafin da rabin shekara babu ko ɗigon ruwa a cikinsa, har mutane suka laƙaba masa Mai Injin Yashi. In suka haɗu cin tuwo, kowa sai ya kushe na ɗan'uwansa har miya ta huce.

Wutar gwamnati kuwa kun san yadda take. Mafi yawanta daga gas ake samo ta, wani kaso daga manyan madatsun ruwa, abin da rana da iska ke ƙarawa bai taka kara ya karya ba. In rani ya yi nisa ruwan madatsa ya ja baya, wutar sai ta ƙaranta, ƙauyen da ke ƙarshen waya kuma shi ake fara mantawa da shi.

To, a irin wannan lokaci ne, ƙarshen rani, ƙanwarsu Ramatu ta haifi bakwaini, namiji, ɗan mitsitsi. Malamar ɗan asibitin ƙauyen ta sa shi a kwalba, wato na'urar da ke ɗumama jariri ta taimaka masa da numfashi. Washegari wuta ta ɗauke. Janaretan asibitin ya daɗe da zama gidan kaji, yaron kuma ba zai jure jijjigar hanyar birni ba. Malamar ta dubi 'yan'uwan nan ta ce, "In kwalbar nan ta tsaya, ku fara haƙuri." Tsoro ya kama su ƙwarai, domin Ramatu ta yi ɓari sau biyu kafin wannan.

Zubairu bai tsaya shawara ba. Ya kwance farantansa daga rufi, ya ɗora a amalanke da baturansa, ya haɗa su a asibiti kafin kwalbar ta huce. Rana na ƙwalla kamar ta fasa kai, wuta ta wadata. A lokacin nan iska ko ganye ba ta kaɗawa, rafi kuma yashi ne zalla. Ba don Zubairu ba, da yaron bai ga kwana na biyu ba.

Sai hadarin farko ya haɗu. Sama ta yi baƙi ƙirin ta ƙi washewa, ruwa bai sauka ba, rana ba ta leƙo ba. Batura suka fara kuka, Zubairu ya tsaya yana kallon farantansa kamar faifan da aka kife. Amma iskar gaban hadari ta taso, fankar Ukasha ta kama juyi. Wayarsa ba ta kai asibiti ba, don haka ya bi ya yanke duk wayar gidansa ya yi ta ƙullawa, ya hau dutse cikin iskar da ke yaye rufin mutane, ya sauko da tafin hannu a tsattsage. Kwalba ta ci gaba da aiki.

Daga nan ruwa ya kece. Ya yi ta zuba kamar marka, iska ta kwanta luf, fanka ta tsaya cak, gajimare kuma ya zauna daram. Su biyun nan suka sunkuyar da kai. Rafi kuwa ya kawo. Jafaru ya shiga ruwa har ƙirji yana yashe yashin da ya toshe bakin injin, ambaliya ta kusa tafiya da shi, bai fito ba sai da ƙafar injin ta juya. Ya ja waya zuwa asibiti, wannan wutar ce ta riƙe yaron har sama ta buɗe.

Yaro ya rayu, ya fara kama nono. Ana gobe suna, Gambo mijin Ramatu ya tara dattawa ya ce, "Na yi alkawari tsakanina da Allah, sunan wanda ya tsaya wa yaron nan zan sa masa. Ga su su uku, yaro kuma ɗaya ne."

Kawunnan kuwa kowannensu ya riga ya aika ɗinkin sabuwar riga. Ga rago a ɗaure, ga liman zai iso da safe. To, ku faɗa mini, Zubairu, ko Ukasha, ko Jafaru, sunan wa ya kamata a raɗa wa yaron nan?